Wai Na Gama

Kafin in ba ku labarin abin da ya faru ranar Asabar, ina da roƙo ɗaya a wurinku, ku masu bibiyata: don Allah a daina rubuto mini "Lauya Rohaiza" a ƙasan labarin nan. Ni ba lauya ba ce. Ban zama ba tukuna. Abin da na kasa fahimtar da mutanen gidanmu ke nan, har ya kai ni ga zama a bakin gado da hannu a dunƙule, mata cike da ɗaki suna kallona kamar na zare.

Sau biyu Mak, mahaifiyata, tana dafa shinkafar godiya, mai danƙon nan da ake rinawa da kurkum, tana rabawa maƙwabta wai na gama. Na farko ranar da na karɓi digiri. Na ce mata, "Mak, da saura fa, akwai jarrabawar neman izinin aiki." Ta ce ai wannan ƙarashe ne. Ƙarashen nan shi ya kayar da ni a zaman farko, na sake kwashe shekara ina karatu a bayan rumfarmu ta laksa, wato taliya a romon kifi, littafi a kan buhun albasa, hannu yana ƙarnin kifi. Da na ci, ta sake jiƙa shinkafa. Na ce, "Mak, da saura." Ta ɗago ta dube ni kamar na ce mata an ƙara wa azumi wata.

"Saura me kuma?"

"Wata tara ina koyon aiki a ƙarƙashin babban lauya. Sannan a kai ni gaban alƙali."

"Gaban alƙali? Laifin me kika yi?"

Kun ji irinta. Kuma ba na ganin laifinta sosai. Ina aji huɗu na sakandare Abah, mahaifinmu, ya rasu, na ajiye littafi na ɗauki ludayi, ni da ita muka riƙe rumfa har ƙannena suka kammala nasu. Sai da na haura ashirin da biyar na koma na zauna jarrabawar sakandare, a ɗaki ɗaya da yaran da suke gaishe ni suna ce mini Mak Cik, kamar wata gwaggonsu. Daga nan karatun yamma, shekara bayan shekara. Yanzu ina da talatin da biyar. A idon Mak, duk karatun da ya kai wannan tsawo ko dai an gama shi, ko kuma cutar mutum ake yi.

Samun wanda zai ɗauke ni koyon aikin ma sai da na sha yawo. Duk ofishin da na shiga, sai a dubi takarduna, a dubi fuskata, a ce za a kira ni. Puan Vasanthi ce kawai, wata tsohuwar lauya a Ipoh mai gilashi a bisa hanci, ta tambaye ni abin da nake yi kafin karatu. Na ce sayar da abinci. Ta ce, "To kin iya sauraron mutumin da yake jin yunwa yana faɗa. Ki zo ranar Litinin." Sannan ta ɗaga yatsa. "Wata tara a jere, Rohaiza. Ranar da kika tsallake sai kin rama ta. In kika bar gari a tsakiya, kada ki dawo kina yi mini kuka."

Litinin ɗin nan ita ce jibin Asabar ɗin da aka sa za a kawo kayan baikona.

Helmi kun san shi, waɗanda suka daɗe da ni. Ga sababbi: injiniya ne a kamfanin manja, dogo, mai magana a hankali, wanda ya yi shekara yana zuwa rumfarmu yana cewa a cire masa abarba a laksa kafin ya iya tambayar sunana. Shekara biyu ke nan yana ce mini, "Zan jira, Iza." Da safiyar Asabar ma abin da ya turo ke nan: *Yau dai an kusa. Kin ga na jira.* Na mayar masa da hoton ƙafata cikin sabon takalmi, na ce ya matse ni.

Bayan azahar ruwa ya sauko, irin na garinmu Taiping da ba ya sallama. Ni ina ɗakin Mak, an zaunar da ni a bakin gado a kan sabon zanen gado mai sulɓi, sai zamewa nake ina gyara zama. Baju kurung ne a jikina, doguwar riga da siket ruwan hoda, duwatsu a bakin hannu suna kama duk abin da suka taɓa. Ƙanwata Marlia, mai 'ya'ya uku kuma mai ganin ta fi ni sanin duniya, ta kafe mini mayafi da allurai har ina tsoron haɗiyar yawu.

"Kak," in ji ta, wato Yaya, "ki saki fuska mana. Baiko ne, ba zaman makoki ba."

"Hodar da kika zuba mini ce ta bushe."

"Ai da gangan na yi, don kada ki yi magana."

Ba ta san gaskiya ta faɗa ba. A al'ada ni ba ni da baki a ranar nan. Manya ne za su tattauna a falo, ni in zauna a ɗaki har uwar miji ta shigo ta sa mini zobe. Shi ma Helmi ba ya shigowa gidan. Ya kawo su, ya ajiye mota a gefen masallacin unguwa yana jira. Sai dai gidanmu na katako ne, kuma bangon da ke tsakanin ɗakin Mak da falo allo ɗaya ne. Ni kuwa in akwai abin da na iya a duniya, to saurare ne.

Na ji shigowarsu, na ji ana jera farantan kaya a kan darduma, na ji Mak tana cewa a matso da fanka. Pak Long, yayan Mak, shi ne bakinmu. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, tun da ya yi ritaya yake neman inda zai yi jawabi. Nasu bakin kuma Haji Mokhtar, ƙanen mahaifin Helmi. Suka shiga zancen fure: wai sun hango wani fure a lambun gidan nan, ko yana da mai shi? Pak Long ya ce furen yana nan, an daɗe ana ba shi ruwa. Aka yi dariya. Marlia ta zungure ni.

"An daɗe kam."

"Zan mare ki, da allurai da komai."

Sai aka zo kan tsawon baiko. Mun riga mun yi magana da Helmi, shekara ɗaya. Na faɗa wa Mak, na faɗa wa Pak Long har sau biyu, na biyun ma da ƙarfi don kunnensa na hagu ba ya aiki.

Haji Mokhtar ya yi gyaran murya. "To, mu dai muna ganin a taƙaita. Wata uku. Kun san an ɗaga yaron nan, an ba shi masana'anta guda ya riƙe a Sandakan. Bayan babbar salla zai tare, har gida kamfani ya ba shi. Ba ma so ya haye teku shi kaɗai."

Sandakan? Wace Sandakan? Ta jihar Sabah, can ƙetaren teku?

Na jira Pak Long ya ce a'a, akwai magana. Na jira Mak ta yi tari ko ta ture kofi. Abin da na ji shi ne muryar Pak Long cike da fara'a.

"Alhamdulillahi! Ai babu abin da zai tsayar. Yarinya ta gama."

"Mun ji kamar da ɗan saura," in ji Haji, a ladabce.

"Wane saura? Ni da bakina na ci shinkafar, sau biyu ma! Ɗan zaman ofis ne ya rage, wannan ko'ina a yi shi. Aikin lauya kuwa, Haji, ina ne babu rigima? Can ma ai ƙasarmu ce."

Jama'a, wannan "ai ƙasarmu ce" ita ta sa na ji hodar fuskata tana tsagewa. Ƙasarmu ce, tabbas, tuta ɗaya, kuɗi ɗaya. Amma Sabah da nata tsarin lauyoyin daban. Wanda aka rantsar a wannan ɓangaren ba ya haye teku kawai ya rataya allon ofis. Sai ɗan can, ko wanda ya zauna can shekaru a jere, kusan biyar, ko wanda ya iya gamsar da babban alƙalinsu cewa ya zama nasu har abada. Wannan ga wanda ya riga ya gama ke nan. Ni da ko fara wata taran ban yi ba fa? In bar Puan Vasanthi a wata na uku, in je in zauna a gidan kamfani cikin gonar kwakwar manja ina ƙirga damina, sannan in fita neman wanda zai ɗauki mai shekara arba'in koyon aiki?

Na jawo wayata daga ƙarƙashin matashi. Marlia ta kai hannu za ta ƙwace, na yi mata kallo ɗaya ta janye. Na rubuta wa Helmi, wanda nake kira Abang, wato Yaya.

*Abang. Sandakan?*

Ya buɗe nan take. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

*Na so in faɗa miki bayan an sa zobe. Ban so ki shiga damuwa yau.*

*Yaushe ka sani?*

*Ya ɗan kwana biyu.*

*Ka san ba zan iya aiki a can ba?*

Nan ya daɗe. A falo Pak Long ya shiga ba da labarin wani abokin aikinsa da ya taɓa zuwa Sabah ya dawo da busasshen kifi. Na zuba wa wayar ido ina addu'a a raina ya ce bai sani ba. Da ya ce bai sani ba, wallahi da na yi masa bayani a hankali, kamar yadda nake yi wa kowa.

*Na sani. Na bincika. Shekara biyar ce kawai, Iza. Ke da kika yi goma? Ban taɓa ganin mai haƙuri irinki ba, shi ya sa ma na zaɓe ki.*

Na karanta, na sake karantawa. Ashe haka abin yake. Haƙurin nan da nake ta yi, ina ɗauka nawa ne, ashe kowa kallonsa yake kamar tulun ruwa a ƙofar gida, duk wanda ya zo wucewa ya ɗiba. Mak ta ɗiba, ƙannena sun ɗiba, ban ce komai ba don nasu dole ne. Shi kuma ya zo da bokiti.

*Abang, kai ka ce za ka jira.*

*Ai na jira. Yanzu ke ma ki ɗan jira ni.*

A daidai nan aka shafa fatiha a falo, na ji kayan mata suna motsi sun nufo ƙofa. Marlia ta fizge wayar ta tura ƙarƙashin cinyarta.

"Kak, don girman Allah. Ko me ke nan, bayan zobe."

Mak Cik Zaleha, mahaifiyar Helmi, ita ce a gaba, cikin koren leshi, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Mace ce mai kirki, ba zan ɓoye ba, ta taɓa kawo mini maganin tari har rumfa. Bayanta 'yan'uwanta, bayansu namu, kowa da waya a sama. Mak ta tsaya a jikin ƙofa tana goge hannu da gefen mayafi, alhali babu abin da ta taɓa.

Na sumbaci hannun Mak Cik Zaleha kamar yadda ya kamata. Ta zauna kusa da ni, zanen gadon ya zame da mu biyu har sai da ta dafa kafaɗata. Ta buɗe ɗan akwatin.

"Kawo hannun, 'yata."

Na dubi hannuna a kan cinyata. Ban san lokacin da ya dunƙule ba.

"Kunya ce," in ji wata daga baya. "Ku daina haska ta."

"Kunya a wannan shekarun?" in ji wata. Na gane muryar, ta wajenmu ce.

"Mak Cik," na ce, muryata ta fito ƙasa-ƙasa kamar kullum, har sai da suka yi shiru don su ji. "Ki yi mini afuwa. Ba zan iya aure nan da wata uku ba. Sai na cika wata tara."

Wata tsohuwa daga cikin baƙi ta dafe ƙirji, idonta ya sauka kan cikina.

"Wata tara? Innalillahi! Zaleha, ɗanki!"

"Ba wannan ba!" in ji Marlia da ƙarfi. "Na ofis ne! Na lauya!"

"Na lauya kuma? Ba ma na Helmi ba?"

Da a wata rana ce da na yi dariya har in faɗo daga gadon. Mak ta rufe fuska da mayafi. Sai da Marlia ta yi rantsuwa kala uku kafin tsohuwar ta sauke hannu daga ƙirji, kuma har aka tashi ba ta daina satar kallon cikina ba.

Na yi musu bayani. Na faɗi wata taran, na faɗi maganar Puan Vasanthi, na faɗi na Sabah. Ban ɗaga murya ba, ban kuma taƙaita ba. Karo na farko ke nan a rayuwata da na yi wannan bayanin har ƙarshe ba wanda ya katse ni da "ai ƙarashe ne".

Mak Cik Zaleha ta juya zoben a tsakanin yatsunta. "Shi Helmi ya san da wannan?"

"Ya sani, Mak Cik. Yanzu ya faɗa mini."

Bakinta ya ɗan matse. Daga falo Pak Long ya ɗaga murya, "An sa ne? A fito da abinci?" Ba wadda ta kula shi.

"To amma 'yata," in ji Mak Cik Zaleha, "karatun nan ba ya ƙarewa ne? Mace tana da lokaci fa. Ba na faɗa don in ɓata miki rai."

"Yana ƙarewa. Wannan ne na ƙarshe."

"Haka ta ce wancan karon," in ji Mak daga bakin ƙofa.

Na juya na dube ta. Na zaci faɗa za ta yi, a gaban baƙi, in ƙarasa nutsewa. Amma fuskarta ba ta faɗa ba ce. Ta gaji ne kawai, irin gajiyar da nake gani in mun rufe rumfa.

"Iza, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Wannan na ƙarshen, me ake yi a cikinsa? Wata takardar za su sake ba ki in rataye?"

"Kotu za a je, Mak. Babban lauya zai tashi a gaban alƙali ya faɗi ko ni wace ce, da inda na fito. Zai faɗi sunan Abah, Allah ya jiƙansa, zai faɗi naki. Sannan uwar ɗakina ta yafa mini baƙar riga. Daga ranar in an ce mini lauya, zan amsa."

"Sunana? A kotu?"

"Cikakke. Ke kina zaune a ciki."

"Har da rumfa zai faɗa?"

"In kina so."

Mak ta dubi silin, inda ruwa ya fara ɗiga a kusurwar da kullum muke cewa za a gyara. Ta ja hanci.

"Tun asuba nake tashi shekara ashirin," in ji ta, ba da kowa take ba. "Ban taɓa jin an faɗi sunana a wurin da ake sa takalmi mai rufi ba." Sai ta juyo wajen Mak Cik Zaleha. "Hajiya, ki gafarce mu. Yayana kurma ne ta gefe ɗaya, ni kuma na yi shiru inda bai kamata ba. Shekara muka ce."

"Shekarar ma," in ji Mak Cik Zaleha a hankali, "in ta cika, ai yana Sandakan. Ita kuma ta ce ba ta da aiki a can."

Nan ne fa. Ita ce maganar, kuma ba ta da amsa a ɗakin nan. Ko an ba ni wata taran, tekun yana nan. Dole ɗayanmu ya ajiye abin da ya wahala a kansa, kuma kowa a gidan nan, har ni kaina kafin azahar, ya san wace ce aka saba ta ajiye.

Wayar ta yi ta kuka a ƙarƙashin cinyar Marlia. Ta zaro ta miƙo mini kamar garwashi. Saƙo a jere.

*Iza?*

*An sa?*

*Me ya sa Pak Long ya fito baranda yana waige-waige?*

Na rubuta masa layi ɗaya: *Ba a sa ba. Haƙurin ya ƙare, Abang, kai ne ka zo a ƙarshen layi.*

Mak ta ce a fito da abinci, baƙi ba za su koma da yunwa ba ko me ake ciki. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowace tana sauke waya a ɓoye. Mak Cik Zaleha ba ta tashi ba. Tana zaune kusa da ni, akwatin a buɗe a tafin hannunta, mu biyu muna sauraron ruwa a kan kwano.

Sai muka ji hayaniya a baranda. Muryar Haji Mokhtar, "Kai, kai! Ba a shiga! Ina hankalinka?" Muryar Pak Long, "Wane ne? Me aka ce?" Takalmi ya faɗi a kan matakala, ɗaya, sannan ɗayan.

Labulen ɗakin ya ɗaga. Helmi ne, jiƙe sharkaf, rigar bikin ta manne masa a jiki, ruwa yana ɗiga daga haɓarsa a kan tabarmar Mak. Bai dube ni ba. Ya miƙa wa mahaifiyarsa hannu.

"Mak, ba ni zoben."

Ni dai hannuna yana nan a dunƙule a kan cinyata. Na yi shekara goma ina jira, zan iya jira in ga abin da zai yi da zoben: ya mayar da shi aljihu, ko ya haƙura da Sandakan.